Shaidar Gambo

Hillat Salih, farkon damina

Zuwa ga aminina Malam Abdussalami, a Damazin.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka da ta iyali, da ƙafar nan taka mai kumbura in hadari ya taso. Yaya kunnen? Lukman direba ya ce mini yanzu sai an zagayo ta hagunka an ɗaga murya. Shi ya sa na daina wahalar da kai da waya, na koma ga alƙalami da ajaminmu na dā, in motarsa za ta hau Damazin in ba shi. Mu nan lafiya lau, sai gajiya, ita kuwa ba ciwo ba ce balle a nema mata magani.

Akwai wani zance da na taɓa ji shekarun baya a kasuwar Dindir, a rumfar mai shayi. Wai yanzu shiga jami'a ba mutum ke ba da ita ba, na'ura ce. Yaro ya zuba mata sunansa da makinsa, ita kuma ta ce kai likita, kai malamin gona, kai koma gida. Babu wanda za ka gaishe, babu wanda za ka tambayi lafiyar tsohuwarsa. Na yi dariya ran nan. Na ce wa mai zancen, ni dai tun tasowata ban ga ƙofa a ƙasar nan da babu mutum zaune bayanta ba, ban kuma ga mutumin da ba shi da kawu ba. To ga shi tsufa ya kawo ni inda zan gani da idona, domin Kulu ta gama jarrabawar shahada, wato ta fita daga sakandare, kuma shari'a take so ta karanta, ta zama lauya.

Kai ka bar garin nan tana rarrafe, bari in tuna maka. Ɗiyar fari ce ga ƙanena Gambo. Ran da aka yaye ta aka ɗauko ta da ɗan ƙunshin kayanta aka kawo wa matata Ma'u, yadda iyayenmu ke yi, tunda uba ba ya riƙe ɗan fari a gabansa, mu kuma Allah bai ba mu namu ba. Sunanta na yanka Hauwa, sunan mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, shi ya sa kowa ke cewa Kulu. Gambo ko Kulun ba ya faɗi. In ta kama dole sai ya ce waccan ta gidan Yaya. In suka yi kiciɓis a hanyar rijiya, shi ya dubi gabas ita ta dubi yamma, su wuce kamar waɗanda suka yi faɗa jiya. Yaran yanzu dariya suke yi wa irin wannan kunya, amma Gambo a kanta zai mutu.

Yarinyar nan ta sha shiri, Malam. Shekarar da ya kamata ta zauna jarrabawar, sai yaƙi ya zo, aka ɗage. Ta rufe littafi, aka ce za a yi, ta buɗe, aka sake ɗagewa. Muka gudu muka bar gida, da muka dawo muka tarar gara ta cinye mata littafin tarihi tun daga mulkin Turkawa har zuwa na Ingilishi. Malamarsu, Ustaza Hanaa, ita ta tara su a rumfar gidanta, littafi ɗaya ana karɓa-karɓa. Ni kuma aka naɗa ni mai tambaya. Bayan la'asar sai ta miƙo mini littafi ta ce, Baba tambaye ni. Na Larabci ina iyawa. Na Turanci kuwa riƙewa kawai nake yi ina gyaɗa kai, har ran da ta lura kai ƙasa na riƙe shi. Ta ce ashe duk makin da nake ba ta tun rani na banza ne.

Na taɓa tambayarta me ya sa shari'a, ba aikin asibiti ba kamar ƙawayenta. Ta ce da muka dawo daga gudu ta ga yadda aka yi da gonakin mutane. Wanda ya iya Larabcin ofis ya koma gonarsa, wanda bai iya ba ya koma ɗan ƙodago a cikin tasa. Tun daga nan gidana ya zama kotu. Ko kazar maƙwabta ce ta shigo ta ci dawa sai Kulu ta nemi shaidu, Ma'u tana cewa ita dai a kore mata kaza.

A Dindir suka zauna jarrabawar. Safiyar tafiyarta Gambo ya zo ya tsaya a ƙofar gida da ƙunshin dabino, ya ce mini ya ji mutanen gidana za su yi tafiya. Ya ajiye ya wuce gona. Tana bayan zana tana jinsa.

Ta dawo ta rame, ta yi ta barci kamar wadda aka yi wa duka. Yanzu sakamako muke jira. Ka sa ta a addu'arka ta asuba, na san kai ba ka makara. Ma'u tana gaishe da uwargida da jikoki.

Naka,
Sodangi Alamin


Hillat Salih, ƙarshen damina

Malam Abdussalami,

Sallama da gaisuwa irin ta masoya. Ina fatan ruwan bana bai taɓa maka katanga ba. Takardarka ta iso, da garin kukar da uwargida ta aiko, Allah ya saka. Ka ce in rage shayi, na ji, zan duba.

Sakamako ya fito, kuma ta ci. Ustaza Hanaa ta ce makin ya isa shari'a har da ɗan saura. Mata suka yi guɗa, na yanka akuya, Ma'u ta yi rawa a tsakar gida da ƙugun nan nata da take cewa ba ya lanƙwasuwa in zancen shara ne. Gambo bai zo ba, amma an gan shi washegari da sabuwar hula.

Sai muka tafi Dindir neman gurbi. Shago ne ɗan ƙarami kusa da tasha, mai shi yana da na'urar a kan tebur, mutane sun yi layi har waje da takardunsu a leda. Da aka zo kanmu ya zuba lambar jarrabawarta, ya zuba lambarta ta ɗan ƙasa, sai abin ya yi ja. Ya sake, ya sake yin ja. Ya juyo da fuskar na'urar ya ce mana mutum biyu muka kawo masa. A takardar shahada Hauwa Sodangi Alamin ce, a lambar ɗan ƙasa Hauwa Gambo Alamin.

Ka ga yadda abin ya faru. Da aka haife ta, ungozoma ta rubuta uban da ta sani, hukuma kuma takardar ungozoma ta bi. Da Ma'u ta kai ta makaranta, malami ya ce ɗiyar wa ce, ta ce ta Sodangi, abin da kowa a garin nan zai ce ke nan ko daga barci aka tashe shi. A ruɗanin jarrabawar da aka yi ta ɗagewa, daga makaranta aka kwashi sunayensu. Babu wanda ya yi ƙarya. Kusan duk gida a Hillat Salih akwai ɗan riƙo mai irin wannan suna biyu, sai dai babu wanda ya taɓa yin nisa har sunayen suka haɗu da juna.

Na sunkuya na tambayi mai shagon a hankali, wa ke zaune bayan abin nan, a je a gaishe shi. Ya ce babu kowa. Na ce ba ta da kawu? Ya ce, Hajji, ko uwa ba ta da. Mutanen layi suka yi dariya, ni ma na taya su, don ban ga abin yi ba.

Aka ce mu je ofishin ilimi a Madani. Mun je. Ba zan gajiyar da kai da labarin hanya ba, ka dai san yadda take in ruwa ya jiƙa baƙar ƙasar nan, kuma ka san gwiwoyina. Madani ta tsufa a ɗan lokacin nan fiye da ni da kai. Mutumin da muka samu mai kirki ne, yana zaune a ɗakin da babu gilashi a tagarsa, ya danne takardu da dutse kada iska ta kwashe. Ya ce gyaran mai yiwuwa ne, amma sai mun kawo takardar alƙali mai shaida cewa Hauwa biyun nan mutum ɗaya ce. Uban da ya haife ta zai tsaya gaban alƙali ya faɗa da bakinsa cewa ɗiyarsa ce, ya ambaci sunanta, shaidu biyu su tabbatar. Ya kuma ce mu hanzarta, domin kafin a gama yankan riɗi za a rufe ƙofar neman gurbi. Wanda ya rasa sai baɗi.

A mota Kulu ta ce mini in aka ce ta ƙara wata shekarar a gida, ba ta san ko tana da sauran ƙarfin ba. Ba ta ɗaga murya ba, taga take kallo.

Har yanzu ban gaya wa Gambo ba. Kullum sai in ce bayan sallar Juma'a.

Ka gaishe da mutanen gida duka.

Amininka,
Sodangi


Hillat Salih, ana yankan riɗi

Malam Abdussalami, barka da war haka.

Bayan sallama, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Na ji an yi maka jika, Allah ya raya. In ɗan fari ne, don Allah ku rubuta masa uba ɗaya.

Na gaya wa Gambo. Na zaci sai an kai ruwa rana, sai ya ce to kawai, yaushe ne. Saurin amsawar nan shi ya fara ba ni tsoro.

Muka tafi kotu a motar Lukman, shi da Liman Ɗanjuma su ne shaidu. Gambo ya hau baya kan buhuna don kada ya zauna kujera ɗaya da ita. Alƙalin bai kai shekarun Gambo ba, mai haƙuri ne, ya sa aka ba ni kujera. Ya duba takardu, ya ɗago ya dubi Gambo, ya nuna Kulu da alƙalami ya ce wannan yarinyar mece ce a wurinka.

Malam, Gambo ya iya Larabci fiye da ni, da shi yake ciniki a kasuwa har ya ci riba. Ya dubi fankar da ba ta juyawa. Ya dubi takalminsa. Ya dube ni. Sannan ya buɗe baki ya ce ɗiyar yayansa ce.

Alƙali ya zaci bai ji tambayar ba, ya sake yi a hankali, ya ce ba kai ka haife ta ba? Gambo ya ce a gidan Yaya take. Alƙali ya ce to mene ne sunanta? Ya ce Yaya ya sani. Lukman ya sa hula ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa. Liman ya miƙe ya shiga yi wa alƙali bayanin al'adarmu, tun daga yamma inda kakanni suka taso, har sai da na ja masa riga. Alƙali ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya gane, dangin mahaifiyarsa ma suna da wani abu mai kama da haka. Amma shi abin da aka faɗa a gabansa yake rubutawa, kuma abin da kunnensa ya ji yau kishiyar abin da muka zo nema ne. Ya ce ba zai rubuta komai ba, zai yi kamar ba mu zo ba, mu dawo in uban ya shirya. Na gode masa. Wani alƙalin da ya rubuta, shi ke nan mun kashe kanmu da bakinmu.

Muka kamo hanyar gida. Kulu ba ta yi kuka ba. Da muka sauka ta ce mini abin da ya fi ƙona mata rai shi ne alƙalin ya yi daidai, ko ita ce a kujerar haka za ta yi.

Ma'u kuwa ka san tsakaninta da ƙanen mijinta babu shamaki. Ta ɗaura mayafi ta bi shi har gida. Rabin gari ya ji. Ta ce masa haihuwar ya iya, faɗin ne ya gagare shi. Ta ce da can da aka zo yi masa albishir ɗin haihuwarta ai bai ce ta Yaya ce ba, rago ya je ya saya. Shi dai yana zaune yana gyaran lauje.

Da la'asar Gambo ya same ni a gindin dogonyaro, ya tsuguna nesa kaɗan. Ya ce ba taurin kai ba ne, bakin ne ya ƙi. Ya ce tun daga gida yake riƙe da maganar, da ya ɗago ya gan ni zaune sai ya ji in ya ce tasa ce kamar ya zo karɓe ta ne daga hannuna a gaban mutane. Ya ce ga shi kuma sunan Inna ne, bai taɓa jin ya fita daga bakinsa ba tun yana yaro. Na so in yi masa faɗa, na nemi faɗan na rasa. Ni na koya masa rabin kunyar nan, sauran Inna ta ƙarasa.

Riɗi yana ta faɗuwa a gonaki, Malam. Duk damin da na ga an jingine sai in ji kamar ƙofar can ce ake turowa.

A gaishe da mai jego. Sai na ji daga gare ka.

Sodangi


Hillat Salih

Aminina,

Gaisuwa da fatan alheri, da tambayar jiki. Wannan gajeriya ce don Lukman da wuri zai tashi.

Shi Lukman ɗin ne ya zo mini da wata dabara. Ya ce tunda Gambo ya riga ya ce ɗiyar yayansa ce, a bar shi a kan maganarsa. Maimakon a gyara takardar shahada, a gyara lambar ɗan ƙasa ta koma sunana. Ni in tsaya in ce ɗiyata ce, bakina ba zai ƙi ba. Shaidu kuwa ko goma ake so za a samu, wasu ma da zuciya ɗaya za su rantse don haka suka sani.

Zan gaya maka gaskiya, kai kaɗai. Maganar ta yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata. Na yini ina juya ta. Na ga sunana a bayan nata a ƙofar ofis, an rubuta da fenti. Mutumin da bai haifa ba, abin da yake gani ke nan in ya rufe ido, ba sai na yi maka bayani ba.

Na kira ta na gaya mata, ina yi kamar shawarar Lukman ce kawai nake isarwa. Ta durƙusa ta saurara. Ta ce, Baba, in na shiga karatun shari'a da rantsuwar ƙarya, me zan je in koya a can? Ta ce gara ta jira baɗin. Can ta kawo mini shayi ta cika masa sukari har cokali na tsayawa. Liman da ya ji ya ce ai ko addini bai yarda a jingina ɗa ga wanda bai haife shi ba, abin da na sani tun muna allo ni da kai. Na sha shayin.

Yanzu ga wani sabon zance. Ana ta cewa Gambo ya taɓu, wai an gan shi a gona yana magana shi kaɗai. Na ɗauki sanda na bi shi da hantsi. Na hango shi tsakanin dammunan riɗi, ya ɗaure jaki a gabansa, ya tsaya ƙyam ya rungume hannu kamar mai salla, yana yi wa jakin bayani da Larabci. Iska ta kawo mini kaɗan. Wannan ɗiyata ce, ni na haife ta. In ya zo kan sunan sai ya tsaya, ya share fuska, ya sake daga farko. Jakin yana cin kara. Na juya na dawo kafin ya gan ni.

Ka ga mun sake samun mai shirin jarrabawa a gidan nan. Da Kulu ta ji, ta aika masa ta bakin Ma'u cewa hadda ta fi zama da safe, kuma a ɗaga murya. Ma'u ta isar, ta ƙara nata a kai.

Mako mai zuwa za mu koma. Bayan shi babu wani makon.

Naka,
Sodangi


Hillat Salih, bayan kaka

Zuwa ga Malam Abdussalami,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya daɗe bai rubuto ba, ka yafe. Ina fatan ƙafa ta sauka yanzu da ruwa ya ɗauke, kuma jariri yana tsotso lafiya. Ni ma na ɗan kwanta bayan zirga-zirgar nan, ba wani ciwo ba, jiki ne ya ce ya isa.

Mun koma kotun. Kafin alƙali ya yi tambaya, Gambo ya ɗaga hannu ya ce yana da roƙo guda, a fitar da Yaya waje. Alƙali ya dube ni. Na ɗauki sandata na fita, na zauna a kan benci kusa da mai sayar da ruwa. Abin da na yi wata da watanni ina bi, da ya zo faruwa ban gani ba, ban ji ba.

Don haka abin da zan ba ka ji ne na ji. Lukman ya ce Gambo ya kwarma sunan da ƙarfi har ɗan sandan ƙofa ya leƙo. Liman ya ce ƙarya ne, raɗa ya yi, sai da alƙali ya sa ya maimaita. Sun yi ta gardama har gida. Na tambayi Kulu, ta ce ya faɗa. Na ce yaya ya faɗa? Ta ce, Baba, ya dai faɗa. Idonta ya yi ja, na bar ta. Shi kuwa da ya fito rigarsa ta jiƙe sharkaf kamar wanda ya yi noma, ya wuce ni bai dube ni ba, ya haye bayan mota.

Daga nan sai Madani, sai Dindir, sai Madani kuma, domin hatimi ɗaya ya rage mai shi ya tafi jana'iza. Mutumin nan mai danne takardu da dutse ya tsaya mana, Allah ya tsaya masa. Da ya miƙo sabuwar takardar shahadar, ni ya miƙa wa don ni ne babba. Na karanta. Hauwa Gambo Alamin. An rubuta da kyau, babu kuskure ko ɗaya. Na riƙe ta ɗan lokaci, har Kulu ta ce Baba za a rufe shago. Muka kama raksha, keken nan mai ƙafa uku, zuwa tasha, muka hau motar Dindir. Wannan karon na'urar ba ta yi ja ba. Mai shagon ya ce da mun ƙara kwana da sai baɗi.

Sai jira kuma. Ka san jira ya zama sana'armu.

Shekaranjiya amsa ta fito. An ba ta shari'a. Ba Madani ba kamar yadda ta so, wata jami'a ce can arewa, tafiyar da sai an kwana a hanya. Ta ce ko a bayan duniya take za ta je. Ma'u ta yi guɗa, ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta fito ta fara lissafin abin da za a daka mata. Ni ban san wanne zan yi ba a ciki, sai na ɗauko tsohuwar akwatin ƙarfen da Ma'u ta zo gidana da ita, na zauna gyaran marfinta, don da ita za ta tafi.

A nan zaune garin nan duka ya zo ya ba ni labarin, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana yi kamar shi ya fara ji. Ustaza Hanaa ce ta farko, da wayarta a hannu. Lukman ya zo yana danna hon ɗin motarsa. Liman ya zo ya ce shi dama ya gani a mafarki. Har matar da kazarta ke cin dawarmu ta zo ta ce yanzu sai ta ɗaure kaza. Na yi ta cewa amin har bakina ya bushe. Gidan zai yi mana faɗi, Malam. Bayan la'asar ban san wa zai miƙo mini littafi in riƙe kai ƙasa ba. In ƙafarka ta yarda ka biyo Lukman ka zo mu yi kwana biyu, ka zauna ta damana in yi ta yi maka ihu.

Ma'u da Kulu suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Amininka har kullum,
Sodangi Alamin

Na riga na naɗe takardar, na sake buɗewa, don akwai wanda ban sa a cikin masu zuwa ba. Jiya da yamma, kowa ya watse, ina fama da marfin akwatin ya ƙi zama, sai wani ya zo ya tsuguna ya karɓi guduma daga hannuna. Ya buga ƙusa ɗaya, ya buga ta biyu, marfin ya zauna. Yana kallon akwatin, bai ɗago ba, ya ce, Yaya, na ji an ce ɗiyarka ta samu, Allah ya sanya alheri. Na ce amin, ni ma haka na ji. Shi ne na ƙarshe da ya ba ni labarin, Gambo.